Alamar da ke jikin fim ba za ta amsa tambaya a madadinmu ba

Assalamu alaikum, 'yan'uwana iyaye maza da mata.

Na kalli wani shiri na bincike da aka yi a Amurka a 2006 game da kwamitin da ke sanya wa fina-finansu alamar shekarun da suka dace a kalla, kuma abin da na gani ya tsaya mini a rai. Tsarin ya faro ne a 1968, kuma ƙungiyar manyan kamfanonin shirya fina-finai ce ta kafa shi da kanta, ba gwamnati ba. Masu yanke hukuncin wasu iyaye ne mazauna yankin Los Angeles da ake ɓoye sunayensu, har sai da mai shirin ya ɗauko masu binciken sirri suka riƙa bin motocinsu kafin a san ko su wane ne. Daga cikin abin da shirin ya nuna, fim zai iya cika da harbe-harbe da kashe-kashe, amma muddin ba a nuna jini sosai ba sai a ba shi alamar PG-13, wadda aka ƙirƙiro a 1984 don jan hankalin iyayen yaran da ba su kai shekara 13 ba.

Mai shirin kuka yake yi saboda an takura wa masu sana'arsa. Ni kuwa abin da ya dame ni daban ne: waɗannan mutane da ma'aunin al'adarsu suke awo, abin da suke gani ba komai ba ne a wurinsu yana iya zama abin da mu ba ma iya furtawa a gaban 'ya'yanmu, amma sai ga uba Musulmi ya ga lamba a kusurwar fim ya ce ai an tace shi.

Mu ma muna da namu hukumomin. Akwai ta ƙasa da aka kafa a 1993, akwai kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tun 2001, Allah Ya saka wa masu yin aikin da gaskiya. To amma wace hukuma ce take shiga ɗakin da ɗanka yake kwance ƙarfe goma sha ɗayan dare, ya lulluɓa da bargo, hasken waya na haska fuskarsa? Wace hukuma ce take tsaye a shagon tura fina-finai na bakin layi lokacin da yaro ya miƙa kuɗin tararsa ya ce a cika masa waya, mai shagon kuma ya zuba masa duk abin da ya samu ba tare da ya tambayi shekarunsa ba?

Haba iyaye! Da zarar wata 'yar wasa ta yi shigar da ba ta dace ba, sai mu cika Facebook da tambayar ina hukuma take, alhali a falonmu ana kallon fim ɗin waje mai fassarar Hausa tare da yara, uba yana riƙe da rimot yana jiran wurin da zai tura gaba, kuma kafin ya danna idanun nan ƙanana sun riga sun gani. Jin Hausa a bakin jarumin ya sa mun saki jiki, kamar muryar ce take wanke hoton. Uwa kuma, Allah Ya ba ta lada, aiki ya yi mata yawa, sai ta miƙa wa ɗan shekara uku wayarta don ya yi shiru ta ƙarasa tuƙin tuwo, intanet kuwa yana ta jero masa bidiyo ɗaya bayan ɗaya. Washegari yaron ya ɗura wa yayarsa ashar, ko ya ɗaga sanda yana kwaikwayon harbi, mu kama shi da duka muna tambayar a ina ya koyo.

Na san da gajiya, na san neman abinci ya sha kanmu, kuma ba na cewa kowane fim haramun ne. Amma kiwon nan mu aka ba, mu za a tambaya, ba kwamitin Los Angeles ba, ba hukumar Kano ba.

Don Allah, ɗan'uwa, ka fara kallon fim kai kaɗai kafin ka kunna wa yara. Ke 'yar'uwa, ki karɓi wayar ɗanki yau da daddare ki duba abin da ke ciki, cikin lallashi ba da tsawa ba, ki zauna da shi ki tambaye shi wa ya tura masa. Don girman Allah kada a bari sai gobe.