Ruwan Gulbin Maradi yana wuce mu muna kallo

Jama'a, kowace shekara abu ɗaya muke gani. Agusta ta shigo, gulbi ya cika ya tumbatsa, gidajen laka su yi ta rushewa a unguwanni. Kafin Fabrairu kuwa babu komai a cikinsa sai rairayi da masu amalanke suna ɗibar yashi, masu lambu suna ta ƙara wa rijiyoyinsu zurfi. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, domin ruwan da ya kashe mana mutane da damana shi ne muke nema ido rufe da rani.

Damanarmu gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma abin da ke sauka a shekara bai cika nisa da milimita 500 ba. Bayan farin 1973 da na 1984 ruwa ya ɗan dawo, amma da wani hali daban. Sai a yi kwanaki gero na murɗewa, sannan hadari ɗaya ya juye komai. A ƙarshen Agustan 2024 kimanin milimita 150 suka sauka a birnin Maradi cikin awa ɗaya da rabi, aka rasa rayuka. Irin wannan ruwa ba ya samun sukunin shiga ƙasa, balle inda aka sare itatuwa wuri ya zama faƙo. Gudu yake yi, ya kwashi yashin tudu ya zuba a gulbi da tafkin Madarunfa, tafkin yana ta cikewa.

Shi kansa gulbin ba namu ba ne mu kaɗai. Daga ƙasar Katsina ya taso, can ana ce masa Gada, ya ratsa Madarunfa, Maradi, Tibiri da Gidan Rumji, ya sake komawa Nijeriya ya faɗa gulbin Rima. A 1989 aka kammala madatsar Jibiya a kansa, mai iya riƙe ruwa mita kubik miliyan 142. Ku tambayi dattawan manoman fadama yadda abin yake kafin nan. Ruwa kan bazu cikin kwari a hankali, ya kwanta, ya bar laka mai taki, ya jiƙa ƙasa har can ciki. Wannan kwanciyar ita ke cika rijiyoyi. Yau gandun noman rani na Jiratawa, inda zogalenmu da kayan miya ke fitowa, da ruwan ƙarƙashin ƙasa yake rayuwa, kuma injin ban ruwa sai ƙaruwa yake ko'ina cikin kwarin. Ana ta zuƙa, mai mayarwa ya yi ƙaranci.

Ba mutanen Jibiya nake zargi ba. Danginmu ne, mu ma Katsinawa ne, kuma su ma noma suke nema. Amma akwai yarjejeniyar da Nijar da Nijeriya suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990 kan raba ruwan da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kai, kuma Gulbin Maradi yana ciki da sunansa. Ina amfanin takarda in manomin Madarunfa bai san ranar da za a sako ruwa ba, bai san yawansa ba? Ko siyasa ta yi tsami, wannan magana bai kamata ta tsaya ba.

Sauran aikin kuwa a hannunmu yake. A ƙara gina ƙananan shingayen dutse da siminti a cikin gulbi da koramun da ke zuba cikinsa, don ruwa ya rage gudu ya nutse. A tudu, sassaben zamani, wato barin tohon kututturen itatuwa a gona ana yi masa aski har ya girma, daga nan yankin ya fara har duniya ta kwaikwaya. A haɗa shi da tassa da rabin wata, wato ramukan da ake haƙawa a gona don tare ruwan sama, a bar gawo ya girma. A yashe tafkin Madarunfa.

Sai maganar filaye, wadda ta fi ɓata mini rai. Ambaliyar 1945 ce ta cinye tsohon garin Maradi da ke cikin kwari, dole aka hau tudu. Yanzu kuma ana yanka wa talaka fili a kan hanyar ruwa, a karɓi kuɗinsa, a ba shi takarda. Duk wanda ke sa hannu a irin wannan takarda ya ji tsoron Allah, hukuma kuma ta shata hanyoyin ruwa ta kafa alama kafin damana mai zuwa.