Kafin ki kashe kuɗi a kan manhajar karantar da yara a gida

Assalamu alaikum 'yan uwa iyaye. Tun da na ambata cewa yarana biyu a gida suke karatun boko, saƙonni ba su yanke ba, kuma tambayar kusan ɗaya ce: wace manhaja zan saya? Bari in amsa a nan gaba ɗaya.

Mu a 2020 muka fara, lokacin da korona ta sa aka rufe makarantu. Kafin a buɗe, babbar, wadda ta kai aji uku tana in'ina a haɗa baƙi, ta fara karanta labari da kanta a tsakar gida. Ni da maigidan muka zauna, muka ce a ci gaba a haka. Wata 'yar uwata da ke Amurka ta aiko mana da manhaja cikakkiya a kwali, littattafai masu sheƙi, an tsara aikin kowace rana, har da abin da uwa za ta faɗa. Allah Ya saka mata da alheri, amma ba mu yi wata biyu ba muka ajiye. Lissafin kuɗin da dala ne, awon da inci, darasin hunturu kuma duk dusar ƙanƙara, ga yaron Gombe da hunturunsa hazo ne da tsagewar leɓe. Wanda ya fi damuna shi ne taurinta. Zazzaɓin kwana uku, ko hidimar sallah, ko biki a Kumo, sai jadawalin ya rikice, yarinya ta riƙa jin an bar ta a baya, alhali ba kowa a ajin sai ita.

A nan ne na tuna makarantar allon da na yi a Jekadafari. Mu fi talatin a zaure ɗaya, kowa da allonsa. Wani yana Sabbi, wani ya yi nisa, malam kuma ba ya barin ka wanke sai karatun ya zauna a bakinka. Ba wanda ake ja, ba wanda ake tsayarwa. Wannan sassaucin da ake tallata mana yau da tsada, kakanninmu da shi suka yi karatu. To shi nake nema a kowace manhaja yanzu: shin za ta bar ni in yi wata guda a kan abin da ya yi wa yaro wuya, in tsallake wanda ya riga ya iya? Ƙaramin nawa a lissafi ya wuce ajinsa, a rubutun Turanci kuwa bai kai ba. Manhajar da ta ɗaure darussa duka a aji ɗaya ba ta san irinsa ba.

Amma don Allah kada a ɗauki sassauci a matsayin kara zube. Na ga gidajen da aka cire yara daga makaranta da kyakkyawar niyya, shekara ta zagayo ba a san inda aka kwana ba, kuma abin yana yi mini ciwo. Dokar ilimin matakin farko ta UBE ta 2004 ta ɗora wa iyaye nauyin ganin yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9 ke nan. A ƙarshensu akwai jarrabawar BECE. Mai son ɗansa ya shiga kwalejin tarayya ta Billiri ko ta 'yan mata da ke Bajoga, sai ya bi ta jarrabawar shiga da NECO ke shiryawa. Duk waɗannan a kan manhajar ƙasa ta NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu, ake gina su. Saboda haka ita ce ginshiƙina. Ina buɗe ta a farkon zango in ga abin da sa'o'in yarana ke koya, in rubuta a littafi, sannan in zaɓi hanyar da zan bi in isa can. Kuma shawarata, ki je wata makaranta mai rajista kusa da ku, ki yi magana da shugabanta, yaron ya riƙa zama jarrabawar ƙarshen zango tare da 'yan ajinsa. Idon uwa yana da tausayi, yana buƙatar wani idon ya duba masa.

Sauran kuwa garin nan ya ishe mu. Mudu nawa ke cikin buhu, in an sara a kaza an sayar a kaza ribar nawa ce, a Tudun Hatsi suka koya, a bakin dillalai. Tarihi mun fara da Buba Yero, wanda ya kafa masarautar Gombe, da tutar da ya karɓo wurin Shehu Usmanu, muka gangaro zuwa yaƙin Mbormi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Ranar da muka je Dadin Kowa suka ga yadda aka tare kogin Gongola, tambayoyin da suka yi a mota kan yadda ruwa ke zama lantarki sun ci mana mako biyu na kimiyya. Karatu kuma da Hausa kowannensu ya fara, da ya kama sai Turancin ya zo da sauƙi.

Ƙaramar sakandare ce inda nake roƙon iyaye su faɗa wa kansu gaskiya. Aljabara da kimiyya sun fi ƙarfin da yawa daga cikinmu. Ni na ɗauki malama tana zuwa sau uku a mako. Khan Academy, mai koyar da darussa ta intanet, kyauta ce kuma tana da amfani, sai dai tana cin data, ga wutar da ba ta da tabbas. Duk manhajar da ba ta tafiya sai da intanet, ki bar ta. Ki nemi wadda takarda da fensir za su ɗauke ta ko an ɗauke wuta kwana uku, wadda kuma za ta tashi kafin azahar, don la'asar ta Islamiyya ce, can ne ma suke haɗuwa da ƙawaye da abokai.

Makon nan ƙaramin yana kan sulusi da rubu'i karo na uku. Na sayo lemon zaƙi, na ajiye wuƙa, kuma ba za mu juya shafin ba sai ya raba lemo biyu tsakanin mutum uku ba tare da ya ɗago ya kalle ni ba.