Ni dai ina bayan masu shiritori a ɗakin karaoke

Jiya da daddare muka yi gardama da wani abokin karatuna ɗan Japan tun daga ƙofar gidan karaoke, inda ake kama ɗaki a rera waƙa na'ura na sa kiɗan, har tashar jirgin ƙasa, kuma har yanzu abun bai bar raina ba shi ya sa na ce bari in rubuta. Shi a ganinsa wasan shiritori ɓata karaoke yake yi, wai mutum ya biya kuɗin ɗaki na awa biyu amma ya tashi bai rera waƙar da ransa ke so ba ko guda ɗaya. Ni kuma wallahi ban yarda ba, ko kaɗan.

Ga wanda bai san wasan ba, shiritori wasan kalmomi ne da yaran Japan ke tasowa da shi, ma'anar sunan ma kamar a ce kama gindin kalma. Ka faɗi kalma, na kusa da kai ya ɗauki gaɓar ƙarshe ya fara tasa da ita, in ka ce sakura shi zai nemo mai farawa da ra. Doka ɗaya ce mai zafi, duk wanda kalmarsa ta ƙare da n ya faɗi, don babu kalmar Japananci da ke farawa da wannan harafin. Waɗanda suka taso da kallon finafinan Indiya za su tuna antakshari, toh kusan haka ne, sai dai a nan sunan waƙar ake bi. Kuma na'urar zaɓen waƙa da suke kira denmoku kamar don wasan aka yi ta, ka danna harafi ɗaya sunayen waƙoƙi su zubo maka kamar ƙasa.

Mu bakwai ne a ɗakin, ɗan ƙaramin ɗaki mai kujera zagaye da talabijin, ni da kofin shayin oolong ɗina a gaba. Akwai wata dattijuwa a cikinmu da ke aiki a ofishin sashenmu, duk fitar da muke yi ba ta taɓa karɓar makirufo ba, tafi kawai take yi tana murmushi. Wani yaro ɗan shekarar farko ya rera Yoru ni Kakeru ta YOASOBI, waƙar 2019 ɗin nan mai gudu kamar ana korar mutum, kuma da gangan ya zaɓe ta don sunan ya ƙare da ru. Duk mai wasan nan ya san ru masifa ce, kalmomin Japananci na asali ba kasafai suke farawa da ita ba, yawanci na aro ne, har suna suka sa wa dabarar jefa wa mutum ita, ru-zeme. Sai ga shi layi ya faɗo kan dattijuwar.

Ɗakin ya yi tsit. Wata ta raɗa mata Ruju no Dengon ta Arai Yumi, ta girgiza kai ta ce wannan ai tarko ne, da n ta ƙare. Ta ajiye kofinta, ta gyara gilashi, ta danna da kanta, sai ga Rubi no Yubiwa ta Terao Akira, waƙar 1981. Jama'a matar nan ba ta ko kalli rubutun talabijin ba, ido a rufe ta rera ta daga farko har ƙarshe da wata murya mai sanyi da ba mu taɓa sanin tana da ita ba, da ta gama ta ce tana sakandare lokacin da waƙar ta fito, kullum sai an sa ta a gidansu. Yaron da ya ɗana mata tarkon shi ya fi kowa tafi.

Toh wannan nake son abokina ya gane. In aka bar kowa ya zaɓi abun da yake so, waƙoƙi biyu ko uku da ya haddace yake maimaitawa duk fita, mai murya ya nuna murya, sauran kowa kansa a sunkuye yana laluben tasa waƙar ba mai sauraron wani. Amma da zarar harafi ne ke zaɓar maka, dole ka kasa kunne don ka san me zai faɗo maka, dole ka tono waƙar da ka ji a motar babanka ko a tallar talabijin, kuma ba mai jin kunya in ya kauce don kowa ya san ba shi ya zaɓa ba. Daisuke Inoue da ya haɗa injinsa na karaoke a birnin Kobe a 1971 ai don talakan mawaƙi ya yi shi, ma'aikatan da ke son rera waƙa bayan an tashi aiki ba tare da makaɗa ba, ba don gwanaye ba.

Na yarda da abokina a abu ɗaya, wani lokaci wasan na jawo zaɓen banza, mutum ya sa waƙar da bai sani ba sam don kawai harafin ya dace, a yi minti huɗu kiɗa na tafiya shi yana ƙunƙuni. Wannan kam ɓata lokaci ne, kuma maganinsa mai sauƙi ne, a yarda tun farko cewa sai wadda za ka iya rera amshinta. Haka rigimar sunayen Turanci, Lemon ta Yonezu Kenshi da bakinsu remon ce, n ke nan, ka faɗi, duk sai a daidaita kafin a fara.

Ni ma layi ya zo kaina. Wadda ke gefena ta rera Nada Soso, waƙar Okinawa, a rubutunsu da u take ƙarewa, ni kuma waƙa ɗaya tak na sani da u, Ue o Muite Aruko ta Sakamoto Kyu, ta 1961. Ita ce ta hau saman jadawalin waƙoƙi na Billboard a Amurka a 1963 amma da sunan Sukiyaki, sunan wani girkin nama da ba ruwansa da waƙar, an laƙaba mata ne don ya fi sauƙi a bakin Turawa. Wannan shi ne zaɓen suna don sauti da ke min ciwo, an raba waƙa da ma'anarta, alhali a waƙar mutum ne ke tafiya yana kallon sama don kar hawayensa su zubo. A shiritori kuwa da sunanta na gaskiya na kira ta, gaɓa bayan gaɓa, kuma bakin Bahaushe bai sha wahala ba don gaɓoɓinsu gajeru ne irin namu.

Ina tsakiyar baiti na biyu wayar bango ta yi ƙara, saura minti goma lokacinmu ya cika. Dattijuwar ce ta miƙe ta ɗauka, ba ta tambayi kowa ba ta ce a ƙara mana rabin awa.