Ba gudun kati ne ke damun sabobin ma'aikatunmu ba

Tun da zazzaɓin ƙirƙirarriyar basira ya kama kasuwar kwamfuta, masu sayar da kayan sabobi (saba ita ce babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanai da manhajojin ma'aikata) suka canza baki. Wanda ya je neman katin sadarwa mai gudun 25G (gigabit 25 a daƙiƙa), sai a fara yi masa wa'azin 200G da 400G, da katunan da ake kira DPU, masu ɗauke da nasu kwakwalwar a jikinsu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. NVIDIA ta kammala sayen Mellanox a 2020 kan kuɗi kusan dala biliyan 7, AMD ta sayi Pensando a 2022, dukansu biyu masu ƙera irin waɗannan katuna ne, kuma jarin da aka zuba sai ya dawo. Abin takaici shi ne yadda shugabannin sashen kwamfuta a bankuna da asibitoci da ma'aikatu suka haɗiye wannan talla, har suna rubuta waɗannan katuna a takardun kwangila, alhali katin 10G ɗin da ke hannunsu ma ba a taɓa saita shi daidai ba.

A fara da gurbin da ake soka katin. Gurbin PCIe 3.0 mai layi 8 ba ya ɗaukar fiye da kimanin gigabit 63 a daƙiƙa. Ka sa masa katin 100G, fitila za ta kama, suwici (na'urar da wayoyin sabobi ke haɗuwa a cikinta) zai nuna 100G, amma bayanai ba za su taɓa wuce iyakar gurbin ba; tankar ruwa ce ake juyewa ta bakin buta. Kati mai ƙofa biyu na 100G yana buƙatar PCIe 4.0 mai layi 16 kafin ƙofofin biyu su cika. Akwai kuma gurbin da tsawonsa na layi 16 ne, amma layi 8 kawai aka haɗa masa a kan allon. A Linux, umarnin lspci -vv yana nuna LnkCap da LnkSta: na farko abin da katin zai iya, na biyu abin da ya samu. Minti ɗaya ake dubawa, amma nawa ne ke dubawa kafin su sa hannu a takardar karɓar kaya? A saba mai kwakwalwa biyu, kowane gurbi yana ƙarƙashin kwakwalwa ɗaya. Idan aikin yana gudana a ɗaya, katin kuma yana ɗaya ɓangaren, kowane ƙunshin bayani sai ya yi zagaye, jinkiri ya ƙaru.

Masu cewa a sayi babba yanzu don gobe, su fara nuna mana jadawalin da ya tabbatar cewa layinsu na yau ya taɓa cika rabi.

Inda sakacin ya fi muni shi ne manhajar da ke cikin katin kanta da direban da ke tuƙa shi, wato manhajar da saba ke sarrafa katin da ita. Su biyun tafiya suke tare, kuma masu ƙera sabobi irin su Dell da HPE suna fitar da jerin wace siga ta dace da wace. Sai ka tarar an sabunta babbar manhajar saba, direba ya zama sabo, manhajar katin kuwa tana nan yadda ta fito daga kwali shekaru huɗu da suka wuce. Sakamakon shi ne layi ya riƙa yankewa yana dawowa, a ɗora laifin kan kamfanin intanet ko kan janareta. Umarnin ethtool -i zai nuna sigogin biyu a fili. ethtool -S kuma zai nuna ƙunsoshin da katin ya zubar saboda ma'ajiyarsa ta cika, matsalar da sau da yawa ethtool -G ke magancewa ta hanyar faɗaɗa ma'ajiyar, ba tare da an kashe sisi ba.

Haka zancen FEC, wato tsarin gyara kurakuran bayanai, a layin 25G. Idan kati yana kan nau'in RS-FEC suwici kuma yana kan nau'in Base-R ko a kashe, layin ba zai tashi ba ko kaɗan, kuma an sha mayar da katuna masu lafiya saboda wannan. Haka MTU, wato iyakar girman ƙunshin bayani: an sa 9000 a saba, an manta wata ƙofa a tsakiya tana kan 1500. Ƙananan saƙonni suna wucewa, kowa ya ce lafiya, sai an zo kwafar manyan bayanai abu ya tsaya cik. Gwajinsa ping ne, wato saƙon gwaji, mai girman 8972 da aka hana rarrabawa. Wanda bai iya daidaita waɗannan biyun ba, ta yaya za a damƙa masa RoCE, tsarin tura bayanai kai tsaye tsakanin ma'ajiyar sabobi, wanda ke buƙatar a saita PFC da ECN masu daidaita cunkoso a kowace ƙofa ta hanyar? Kuskure ɗaya a nan yana iya sa saƙonnin dakatarwa su cika layi, su tsayar da sabobin da ba ruwansu.

Sannan akwai yaudarar da ake kira kariya. Ƙofa biyu a kan kati ɗaya, an haɗa su da LACP, tsarin da ke ɗaure ƙofofi su zama layi ɗaya, an rubuta a rahoto cewa akwai madadi. Katin ya mutu, ƙofofin biyu sun tafi tare. Madadi na gaskiya kati biyu ne, a gurbi daban, zuwa suwici biyu. Kuma LACP ba ya ninka gudun zance guda. Kwafi ɗaya ta ƙofa ɗaya zai bi. Mafi ban haushi shi ne ɗora iDRAC ko iLO, wato hanyar sarrafa saba daga nesa, a kan ƙofar da bayanai ke bi, don a tsimi wayar da ba ta kai komai ba. Ranar da ake sabunta katin ya sake tashi, hanyar da za a shiga a gyara shi daga nesa ita ma tana iya yankewa, sai wani ya hau mota cikin dare.

Zafi ma ba a lissafa shi. Gurbin PCIe watt 75 yake bayarwa, wasu katunan DPU kuwa suna cin ninkin haka, sai an ja musu wayar wuta ta daban. Kawunan da ake haɗa wayar faiba da kati na kasuwa galibi digiri 70 ne iyakarsu. A ɗakin saba da na'urar sanyaya ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta a watan Afrilu, ƙara irin wannan kati ganganci ne. DPU kwamfuta ce cikakkiya mai tata manhajar da ke neman faci da tsaro. Wa zai kula da ita a ofishin da mutum biyu ke riƙe da komai?

Kuɗin da za a zuba a 400G a raba shi: kati na biyu ga kowace saba, suwici na daban don gudanarwa, da horar da ma'aikata. Kwamitin sayen kaya kuma ya daina karɓar saba sai an kawo masa sakamakon lspci da ethtool a rubuce.