Yatsu biyu a gaban dattijon Bature

Makon jiya maƙwabcina, wani dattijon Bature da ya haura shekara 70, ya kira ni in riƙe masa tsani. Ya hau can ƙarƙashin rufi, inda mutanen Ingila ke jibge tarkacen da suke jin ƙyashin zubarwa, ya sauko da wata kwamfuta mai launin madara, maɓallanta baƙaƙe, jerin sama jajaye. BBC Micro ce, irin wadda ta fito a 1981. Ya karkaɗe mata ƙura, ya jona ta da tsohuwar talabijin, ta yi ɗan kuka ta kama. Ya ce in rubuta sunana. Na shiga tsintar haruffa da yatsu biyu kamar kaza ta samu tsaba. Sai ya ce, yana murmushi, "Ba a koya muku a makaranta ba?"

Na san ba cin fuska yake nufi ba, amma har na kwanta maganar tana cina.

Ku duba fa, a shekarar da kamfanin IBM ya fitar da tasa kwamfutar a Amurka, su nan Ingila gidan talabijin na ƙasa, wato BBC, shi ne ya ɗauki nauyin koya wa jama'a kwamfuta, kamfanin Acorn na Cambridge ya ƙera na'urar, gwamnati ta riƙa biya wa makarantu rabin kuɗinta. Ƙwaƙwalwarta kilobayit 32 kacal, ko hoto ɗaya na wayarka ba za ta ɗauka ba. Amma kana kunna ta sai ta zuba maka ido, ba ta yin komai sai ka rubuta mata umarni. Dole yaro ya koyi ba na'ura umarni. Kuma Acorn ɗin nan ne ya ƙirƙiro ARM a 1985, ƙwaƙwalwar da ke cikin kusan kowace wayar zamani.

Mu kuwa muna taƙamar mun tsallake kwamfuta mun faɗa waya. Na san uzurinmu, na yi karatu da fitila, kada wani ya tuna mini zancen wuta. Uzurin gaskiya ne. Sai dai waya ta fi kyau da kallon abin da wasu suka yi, shi kuwa mai ƙirƙira sai ya zauna gaban tebur da yatsu goma. Sun riga mu, kuma ba da wayo ba, da shiri.

Abin da ban faɗa ba shi ne, dattijon ya sayo na'urar ne don ɗansa. Yaron ya girma ya zama gwanin rubuta manhaja a wani gari, yanzu ta allo suke gaisawa ranar Lahadi. Shi ya sa ni, baƙo, nake riƙe tsani. Na dawo ɗaki na kira Baba, wayar ta yi ta ƙara, sai ƙanena ya ɗauka ya ce yana waje da mutane, in sake kira.