Zargi Ba Hukunci Ba Ne, Ko Da Ɗan Sanda Ne Ya Rubuta

Wai har yanzu akwai masu cewa "in ba ka da laifi me kake tsoro?" a kan maganar kundin Amanatullah Khan. To sannunku da hikima. 'Yan sandan Delhi a Indiya sun buɗe wa wannan ɗan majalisar dokokin Delhi kundin sa ido a 2022, suka laƙaba masa sunan mai mugun hali, suka jera matarsa da 'ya'yansa ƙanana 'yan makaranta a ciki. Yaran nan wace sata suka yi?

Ban ce mutumin waliyyi ba ne, kuma siyasarsa ba ta dame ni ba. Zargi dai ba hukunci ba ne.

Ku duba yadda abin yake aiki. Dokokin 'Yan Sandan Punjab na 1934, waɗanda Delhi ke amfani da su, sun tanadi rajista mai lamba 10 a kowane caji ofis. Kashi na biyu na rajistar nan ne matsalar take: Sufuritanda na iya sa sunan wanda aka taɓa yanke wa hukunci sau biyu ko fiye, yana kuma iya sa wanda yake da hujjar ganin ya saba aikata laifi ko sayen kayan sata, ko da kotu ba ta taɓa kama shi da komai ba. Ba a kiranka, ba a jin ta bakinka. A shari'ar Malak Singh, Kotun Ƙolin Indiya ta yarda da hakan, amma ta gindaya sharaɗi: sa idon ya kasance cikin sirri ba tare da takura wa mutum ba, kuma in aka kai ƙara, dole Sufuritanda ya nuna wa kotu hujjarsa. Hujja aka ce, ba "fuskarsa ba ta yi mini ba".

Inda ake ɓata aikin kuwa a fili yake. Shafin da aka ware a cikin kundin don 'yan uwa da abokan hulɗa, manufarsa a san wanda zai iya ɓoye mutum in ya gudu. Sai malalacin jami'i ya kwashe gida kaf ya zuba, har da na goye. Shi ya sa a ranar 7 ga Mayu 2024 alƙalan Kotun Ƙoli Surya Kant da K.V. Viswanathan, a shari'ar Khan, suka tsaya a kan cewa ba a sa sunan yaro sai da shaidar ya ba mai laifi mafaka, kundin takardar cikin gida ce ba ta bainar jama'a ba, kuma a naɗa babban jami'i ya riƙa bibiyarsa lokaci-lokaci yana cire sunayen da ba su cancanta ba. Sashe na 74 na dokar yara ta 2015 dama ya haramta tona sunan yaro.

Za ku ce ai 'yan sanda na buƙatar sanin ɓarayin unguwa. Wa ya hana su? Su sani. Amma sani daban, tozarci daban. Wani mutum mai suna Kharak Singh an sake shi a 1941 saboda babu shaidar fashin da aka zarge shi da shi, duk da haka aka yi ta buga masa ƙofa cikin dare ana tashinsa daga barci, sai a 1962 kotu ta soke wannan ziyarar dare. Shekara ashirin da ɗaya tsakanin sakinsa da wannan hukunci! A 2017 kuma alƙalai tara na Kotun Ƙolin suka tabbatar cewa sirrin mutum haƙƙi ne da tsarin mulki ya kare. Wallahi abin da ke ci mini rai shi ne talakan da ba shi da lauya, wanda bai ma san sunansa na ciki ba sai ranar da wani abu ya ɓace a unguwa aka zo aka tafi da shi.

Af, wannan tunani fa gadon Turawan Ingila ne. A 1871 suka kafa dokar da ta mayar da ƙabilu sukutum masu laifi tun daga haihuwa, jariri ma yana cikin lissafi. Sai a 1952 aka soke ta, kuma har gobe jikokinsu na bikin 31 ga Agusta a matsayin ranar 'yancinsu, daban da 15 ga Agusta ta sauran ƙasar.