Katangar ƙarfe a ƙofar ofis: laifin wa?

A daren 15 ga Maris 1989, leburori suka iso farfajiyar ginin gwamnatin tarayya na Jacob Javits da ke Manhattan a birnin New York. Kafin gari ya waye sun raba wata katangar ƙarfe gida uku, an loda ta a mota an kai ma'ajiya. Katangar nan ba shinge ba ce. Aikin fasaha ce mai suna Tilted Arc da mai sassaƙa Richard Serra ya ƙera, kuma gwamnatin da ta tumɓuke ta ita ce ta biya dala 175,000 aka kafa ta a 1981.

Har gobe masu harkar zane da sassaƙa suna ambaton daren nan da takaici, a wurinsu jahilci ne ya kayar da ilimi. Ni ban gan shi haka ba, ko da yake akwai inda zan ba su gaskiya.

A fara da siffar abin. Falle ne na ƙarfe, tsawonsa ƙafa 120, tsayinsa ƙafa 12, ya ɗan lanƙwasa ya kuma ɗan karkata, an yi shi da irin ƙarfen da ake bari da gangan ya yi tsatsa. An gicciya shi a tsakiyar filin har ya raba shi biyu. Ma'aikacin da ya saba miƙewa sak zuwa ƙofar ofis, yanzu dole ya yi zagaye. Ba kuskure ba ne, abin da Serra ke so ke nan: mai wucewa ya lura da tafiyarsa da filin da yake takawa. Cikin 'yan watanni ma'aikata kusan 1,300 suka sa hannu a takardar neman a cire ta.

Da aka zauna sauraren ra'ayin jama'a a Maris 1985, mutum 122 suka ce a bar ta, 58 suka ce a ɗauke. Masu kare Serra suna son kawo wannan ƙidaya, amma a duba su wane ne. Da yawa cikin masu cewa a bari masu zane ne da shugabannin gidajen adana kayan fasaha da masu sharhi, mutanen da za su zo su kalla na minti goma su koma gida. Da yawa cikin masu cewa a cire kuwa su ne ke kewaya ta safe da yamma, cikin sanyi da ƙanƙara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Za a ce ai talaka bai fahimci sassaƙar da ba ta kama da komai ba, shi ya sa. To, a je Shikago. A ranar 15 ga Agusta 1967 magajin gari Richard J. Daley ya yaye ƙyalle daga kan wani ƙaton ƙarfe na shahararren mai zane Pablo Picasso, mai tsayin ƙafa 50 da nauyin tan fiye da 160, a dandalin da ke gaban ginin kotuna da ofisoshin birnin. Babu wanda ya san mene ne. Wani ya ce tsuntsu, wani ya ce kare, wani ya ce gwaggon biri, wani ya ce fuskar mace. Wani kansila ma ya nemi a ɗauke shi a sa mutum-mutumin ɗan wasan ƙwallon baseball Ernie Banks. Shi kansa Picasso bai taɓa taka Shikago ba, bai ba abin suna ba, kuma ya ƙi karɓar dala 100,000 da aka miƙa masa.

Yau fa? Yara na sulu a kan gangaren gindinsa. Idan ƙungiyar wasan birnin ta yi abin kirki, sai a ɗora masa hularta. Masu zanga-zanga a nan suke haɗuwa, masu kasuwar manoma a nan suke baje kaya. Har yanzu ba a daidaita kan ko mene ne ba, kuma babu wanda abin ya dama. Irin ƙarfen ɗaya ne da na Serra, tsatsar ma iri ɗaya. Bambancin shi ne na Picasso ya tsaya a wurinsa ya bar mutane su wuce, su zauna, su hau. Haka jan ƙarfen Alexander Calder da ake kira Flamingo, wanda aka kafa a 1974 tsakanin baƙaƙen benayen gwamnati a birnin: ta ƙarƙashinsa ake bi. Ashe jama'a na iya zama lafiya da abin da ba su gane ba. Abin da ba sa yafewa shi ne a tare musu hanya sannan a ce musu darasi ake koya musu.

Yaya ma aka yi irin waɗannan ƙarafa suka cika ƙofofin manyan ofisoshin Amurka? Ba son fasaha kaɗai ba ne, akwai lissafi. Dokar tsara gine-gine ta New York ta 1961 ta ce mai gini ya bar fili a ƙasa don jama'a, a ba shi damar ƙara hawa a sama. A unguwannin da suka fi cunkoso, kowace ƙafa ɗaya ta fili tana sayo masa ƙafa goma ta ofis. Sai filaye suka yawaita, fayau, babu inuwa babu wurin zama, aka shiga neman abin da za a dasa a tsakiya. Ita kuma gwamnatin tarayya ta ware rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin kowane sabon gininta don aikin fasaha. Sassaƙa marar kama da kowa ta dace da bukatar mai gini: ba sarki ba ce, ba janar ba ce, ba za ta jawo rigimar siyasa ko ta addini ba.

Ga inda nake ba mutanen Serra gaskiya. Jami'in da ya shugabanci kwamitin sauraren, William Diamond, shi ya naɗa 'yan kwamitin, kuma an san tun farko cirewa yake so. 'Yan kwamitin huɗu suka ce a cire, suka rinjayi ɗaya. Wannan ba shari'a ba ce. Serra kuma bai ɓoye wa kowa abin da zai yi ba, an ga samfurin aikin, an amince, an biya. Ya ce don wannan fili kaɗai ya ƙera ta, kai ta wani wuri daidai yake da hallaka ta. Ya kai ƙara yana neman dala miliyan 30, kotu ta ce kayan na gwamnati ne. Sai a 1990 majalisa ta yi dokar da ta ba masu fasaha wata kariya daga lalata ayyukansu. Babban mai laifi dai ita ce hukumar gwamnatin da ta sa aka yi aikin, wadda ba ta tuntuɓi masu amfani da filin ba sai da aka riga aka kafa ƙarfen. An yi wa ma'aikata rashin adalci a 1981, aka gyara shi da wani rashin adalcin a 1989.

Mu ba baƙin wannan fasaha ba ne, ko da ba ma kiranta da sunan. Zayyanar da magina ke yi a fuskar soraye a Zariya da Kano da Birnin Damagaram, da dagi da sauran zane-zanen da ke jikin babbar riga, duk ba hoton mai rai ba ne, shi ya sa ma suka zauna daram da addininmu. Rigimar ma mun ɗanɗana. Shataletalen ƙofar gidan gwamnatin Kano da aka ƙawata a 2017 don cikar jihar shekara 50, an rushe shi a Yunin 2023, makonni kaɗan bayan sauyin gwamnati. Direban adaidaita sahun da ke zagaya shi kullum, gani kawai ya yi an gina, gani ya yi an rushe.

A can New York, bayan an kwashe katangar, wata mai tsara lambuna, Martha Schwartz, ta cika filin da korayen bencuna masu murɗe-murɗe, aka samu wurin zama a ci abincin rana. Su ma daga baya an cire su an sake fasali. Fallayen nan uku kuwa ba a sake tsayar da su ko'ina ba, kamar yadda mai su ya nema, har ya rasu a Maris 2024.